Firizana ya daina daskarar da kaya: shin gas ne ya ƙare?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da sobolo (zoɓo) da ƙanƙara a unguwar Nima da ke Accra. Firizana ya shekara huɗu yana aiki lafiya, amma tun shigowar hunturu injinsa ba ya hutawa, kaya ba sa daskarewa sai sun kwana biyu, kuɗin mita kuma yana ƙarewa da wuri. An ce in kai shi a ƙara masa gas. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi gaggawar ƙara gas, domin gas ɗin firiza ba irin na girki ba ne da amfani yake cinyewa. A cikin rufaffen bututu yake zagayawa, kuma ba ya raguwa sai in bututun ya huje. Duk mai gyaran da ya ɗura miki gas bai nemo hujin ya toshe ba, nan da 'yan watanni za ki sake biyansa, kuma wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai ƙwarai.

Ni ƙura na fi zargi. Aikin firiza shi ne ya kwaso zafin da ke ciki ya fitar da shi waje, ta baƙin bututun da ke baya ko ta jikin bangonsa, shi ya sa kike jin gefensa da ɗumi. Idan ƙurar hunturu ta toshe ragar da ke kusa da injin, ko aka matse firizan da bango aka jibga masa kwalaye, zafin ba ya samun mafita, sai injin ya yi ta aiki dare da rana yana shan wuta. Kwanan baya na buɗe wani a unguwar Mamobi, na tarar da ƙura da yanar gizo sun lulluɓe injin kamar bargo, kuma sharewa kawai ta dawo da sanyinsa. Ki zare soket, ki share wurin da busasshen buroshi, sannan ki bar tazarar kamar santimita 10 ta kowane gefe.

Daga nan ki gwada robar murfin. Ki maƙala takardar kuɗi ki rufe a kanta, in ta zaro ba tare da turjiya ba, to iska tana shiga. Ƙanƙarar da ta kama bango kuwa, da zarar kaurinta ya wuce rabin santimita, ki kashe ki bar ta ta narke da kanta. Ina roƙonki kada ki sa wuƙa, domin tsininta yana huda bututu, kuma gas ɗin R600a da yawancin sababbin firiza suke amfani da shi yana kama wuta. Sobolo ma ki bar shi ya huce sarai kafin ki jera.

Shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta a Ghana, sun koya mana cewa lokacin dawowar wuta ne injuna suka fi ƙonewa. In an ɗauke ki zare soket, in an kawo ki jira minti biyar, ko ki sayi na'urar kariya mai jinkirta kunnawa.

Idan kin yi duk wannan kwana biyu babu canji, ko kika ga maiƙo a jikin bututu, sai ki kira mai gyara, ki ce ya fara da neman huji a gabanki.