Tambaya da Amsa: Shin gabar Yahudawa da Larabawa ta tun fil azal ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kaduna, ajina kuma Musulmi da Kirista ne a haɗe. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke ajin ya dare gida biyu, har an kusa ba hammata iska a makon jiya. Wani yaro ya ce ai gaba ce tun daga Annabi Isma'ila da Annabi Ishaƙa, ba mai raba ta sai tashin ƙiyama. Wani ya nuna min littafi a waya, wai asirin taron dattawan Yahudawa na mallake duniya. Abin da ya fi tayar min da hankali, ɗan cikina na ga ya saka hoton Hitler a WhatsApp, da wata magana wai ya ce ya bar sauran Yahudawa ne don duniya ta gane dalilin da ya sa ya kashe su. Na san Balfour, na san 1948 da 1967, amma na rasa ta inda zan ɓullo wa yaran nan.

Malama, daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka da alheri da ba ki kawar da kai ba. Tun da kin san jerin yaƙe-yaƙen, ba zan maimaita miki su ba. Abubuwa ukun da kika kawo uwarsu ɗaya, ita ce maganar yaron farko, kuma ita nake cin karo da ita kusan kullum, a aji da majalisa, har a bakin mutanen da ake kira Dakta.

Rikicin Falasɗinu yana da ranar haihuwa, kuma bai wuce shekara 150 ba. Wajen 1880 ƙasar tana hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ki riƙa cewa ta Turkiyya a aji, in ba haka ba yara za su zaci ta Sakkwato kike nufi). Yahudawan da ke zaune a can kamar kashi 5 cikin 100 ne ko ƙasa da haka, yawancinsu masu ibada ne a Ƙudus da Halil da Safad da Ɗabariyya, ba ruwansu da zancen kafa ƙasa. Wutar daga Turai ta taso. A 1881 aka kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu, aka huce a kan Yahudawa, ana ƙona unguwanninsu. Miliyoyi suka gudu, mafi yawansu Amurka suka nufa, 'yan kaɗan suka yi Falasɗinu. A lokacin kuma Turai na cikin zazzaɓin aƙidar kowace al'umma da ƙasarta da tutarta. Theodor Herzl, ɗan jarida daga Biyenna, ya ɗauki wannan aƙida ya ɗinka wa Yahudawa ita, ya tara taron farko na Sahayoniya, wato yunƙurin kafa wa Yahudawa ƙasa tasu, a Basel ta Suwizalan a 1897.

Herzl kansa addini bai dame shi ba. Da farko a Munich ya so yin taron, malaman Yahudawan Jamus suka tashi haiƙan suka ce ba da su ba, dole ya koma Suwizalan. Da yawa daga masu riƙon addinin suna ganin kafa ƙasa kafin zuwan Almasihunsu saɓo ne, kuma har gobe akwai masu wannan ra'ayi. A 1903 da Birtaniya ta yi musu tayin wani fili a Gabashin Afirka, Herzl ya kai maganar gaban taro, sai a 1905 aka yi watsi da ita. A 1917, Bayahude ɗaya tilo da ke majalisar ministocin Birtaniya, Edwin Montagu, shi ya fi kowa yaƙar sanarwar Balfour, wato alkawarin da Birtaniya ta yi wa Yahudawa na gida a Falasɗinu. To Malama, wace irin gabar addini ce ta shekara dubu huɗu da malaman addinin da yawa suka ƙi halartar taron buɗe ta?

Kada kuma a ce na ce zaman da can duk zuma ne. Yara sun san Banu Ƙainuƙa'a da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza da Khaibar. An karkashe Yahudawa a Garnaɗa ta Andalus a 1066. Ko Shehu Magili, da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kafin zuwansa ya ja gaba an rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat da ke Aljeriya ta yau, alƙalin yankin kuwa ya saɓa masa a kai. Amma 'yan yaƙin Salibi da suka ci Ƙudus a 1099 Musulmi da Yahudawa suka yanka tare. Musa bin Maimun, malamin da Yahudawa suke ji da shi, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa, kuma likita ne a fadar Ayyubawa a Alƙahira. Da Sifen ta kori Yahudawa a 1492, Sarkin Musulmin Turkiyya Bayazid na Biyu ne ya buɗe musu ƙofa. Zama ne na mai mulki da ɗan amana mai biyan jiziya, wani zamani da daɗi wani da ɗaci, amma ƙarni bayan ƙarni Yahudawa da Larabawa ba su yi rigimar mallakar Falasɗinu ba.

Abin da ya kawo faɗan ƙasa ce, ƙasar noma. Tun 1899 Yusuf Diya al-Khalidi, tsohon magajin garin Ƙudus, ya aika wasiƙar da ta isa hannun Herzl yana roƙon a ƙyale Falasɗinu don akwai mutane a cikinta. Birtaniya kuwa ta karɓi sadakin mutum uku a kan yarinya ɗaya: ta yi wa Sharif Husaini na Makka alkawarin daular Larabawa, ta raba yankin da Faransa a ɓoye a 1916, sannan ta yi wa 'yan Sahayoniya alkawarin gida a 1917. Asusun sayen filaye na Sahayoniya yana saye daga manyan masu ƙasa da ke zaune a waje, irin iyalan Sursuk na Bairut da suka sayar da kwarin Marj Ibn Amir, sai a wayi gari an tashi manoman da suka gaji noman wurin kaka da kakanni. Duk da haka zuwa 1947 abin da aka saya bai kai kashi 7 cikin 100 na ƙasar ba, sai ga Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ƙasar Yahudawa kusan kashi 56, alhali su kashi ɗaya ne cikin uku na jama'a. Wannan ki ajiye shi don masu cewa wai Falasɗinawa ne suka sayar da ƙasarsu. Falasɗinawa fiye da 700,000 aka kora ko suka tsere a 1948, aka hana su komawa, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. A ɗaya gefen kuma, cikin shekarun da suka biyo baya, dubban ɗaruruwan Yahudawan ƙasashen Larabawa suka bar gidajensu, wasu da son rai wasu da tilas. Iraƙi kaɗai ta rasa kusan 120,000 tsakanin 1950 da 1951, mutanen da kakanninsu ke bakin Dajla tun kafin Musulunci.

Ga abin da zai amfani ajinki musamman. Jaridun da suka fara yi wa Sahayoniya ihu a Falasɗinu na Kiristoci ne: al-Karmil ta Najib Nassar a Haifa a 1908, da Filasɗin ta Isa al-Isa a Yafa a 1911. George Habash, da ya kafa ɗaya daga ƙungiyoyin gwagwarmaya mafi zafi, Kirista ne ɗan garin Lidda, da idonsa ya ga korar 1948. Shirin Abu Aƙila ta Aljazira da aka harbe a Jenin a 2022 Kirista ce. Yaron da ke jin cewa baftisma ta ɗora masa goyon bayan Isra'ila, da wanda ke harara maƙwabcinsa Kirista saboda Gaza, dukansu sun bar jaki suna dukan taiki. A gari irin Kaduna kuwa, da muka san abin da ƙaramar magana ke haifarwa, wannan ba abin wasa ba ne.

Sai littafin wayar. Wallahi Malama na gaji da shi. Shekara da shekaru ina karɓar sa daga hannun ɗalibai, wani a kwafe, wani an fassara masa daga Larabci, yanzu kuma ga masu murya a TikTok suna karanta shi babi-babi kamar sun tono taska. Sunansa Protocols, kuma jabu ne da aka san uwarsa da ubansa. A Rasha ya fara fitowa a 1903, a jaridar wani Krushevan, mutumin da rubuce-rubucensa suka hura wutar kisan Yahudawan Kishinev a wannan shekarar. A 1921 wakilin jaridar Times ta Landan a Istanbul, Philip Graves, ya ajiye shi gefe da gefe da wani littafin Faransanci na 1864, wanda lauya Maurice Joly ya rubuta don yi wa Sarki Napoleon na Uku zambo. Sai ga sakin layi bayan sakin layi an kwafe. Littafin Joly ko zancen Yahudawa babu a cikinsa, ɓarawon rubutun ne ya ɗauke makircin da aka jingina wa sarkin Faransa ya rataya wa dattawan Yahudawa. Kotu a Bern ta saurari masana a 1935 ta ce jabu ne. Henry Ford mai motoci ya yaɗa shi a Amurka, 'yan Nazi suka koyar da shi, daga baya aka fassara shi zuwa Larabci ya zaga har ya iso mu. Wato ƙazantar Turawa ce muka tsinta muka wanke muka sa a aljihu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu yaɗa shi suna jin taimakon Falasɗinu suke yi. Bafalasɗine yana riƙe da takardar gonarsa ta zamanin Turkawa, da mabuɗin gidan kakansa, da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 194 da mai lamba 242, da ra'ayin Kotun Duniya na 2004 a kan katangar da Isra'ila ta gina a Gaɓar Yamma. Hujja a hannunsa kamar ƙasa. Sai wani ya taso daga nan ya ce a'a, ga littafin asiri. Ranar da aka nuna littafin ƙanzon kurege ne, sai a haɗa da gaskiyar a watsar, a ce ai duk masu kukan Falasɗinu maƙiyan Yahudawa ne kawai. Kuma wanda ya yarda wasu dattawa a ɗaki suke juya duniya ya sallama ke nan, ba zai ƙara tambayar wa ya ba da makami, wa ya hau kujerar na-ƙi, wace ƙasar Larabawa ta rufe iyaka ba. Ko Hamas, da kundinta na 1988 ya ambaci littafin, a takardarta ta 2017 ta rubuta cewa rigimarta da shirin Sahayoniya ce, ba da Yahudawa don addininsu ba. Waɗanda bam ke sauka a kansu sun bambance, mu da muke shan shayi a nan mun fi su zafi.

Ba na musun cewa addini ya shiga ciki, ya shiga har wuya. Tarzomar 1929 a kan katangar Buraƙa da ke Ƙudus ta taso, aka kashe Yahudawa 133 da Larabawa 116. Bayan yaƙin 1967 da Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma, 'yan kama-wuri-zauna masu kafa hujja da Attaura suka bazu a cikinta. A 1994 Baruch Goldstein ya harbe masallata 29 a masallacin Annabi Ibrahim a Halil, shekara guda bayan haka wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ya kashe Firaministan Isra'ila Rabin saboda yarjejeniyar sulhu ta Oslo da ya ƙulla da Falasɗinawa. Masallacin Ƙudus kuma alƙiblarmu ce ta farko, ba mai cire wa Musulmi shi daga zuciya. Sai dai ki lura da jerin shekarun: faɗan gona da ƙaura ya riga, masu tutar addini daga baya suka karɓe makirufo a kowane ɓangare.

Yanzu ɗanki. Kada ki fara da faɗa, tausayin yaran Gaza ne ya kai shi can, kuma tausayin daidai ne. Waccan magana da ake jingina wa Hitler ƙirƙira ce, babu ta a littafinsa, babu ta a jawabansa. Abin da ke cikin littafin nasa shi ne kiran baƙar fata rabin biri, har yana cewa hauka ne a koyar da shi aikin lauya. Gwamnatinsa ta yi wa yaran da sojojin Afirka suka haifa a Jamus aikin hana haihuwa a 1937. A watan Yunin 1940 sojojinsa sun ware sojojin Afirka ta Yamma da ke rundunar Faransa a Chasselay suka harbe su bayan sun miƙa wuya. Da ɗanki ya faɗa hannunsa, haka za a yi masa. Ki kuma nuna masa lissafi: a ƙidayar 1931 Yahudawa kamar kashi 17 cikin 100 ne a Falasɗinu, Hitler ya hau mulki a 1933, a 1935 kaɗai sama da 60,000 suka shiga, kafin yaƙi ya ɓarke sun doshi kashi 30. Bayan ya hallaka miliyan 6, Turai da Amurka suka ƙi buɗe ƙofa sosai ga waɗanda suka tsira, aka tura nauyin kan manoman Jalila. Turai ta yi ɓarna, Bafalasɗine ya biya diyya. In wani ya kawo masa hoton Muftin Ƙudus Amin al-Husaini zaune da Hitler a 1941, hoton gaskiya ne, kuma har yau da shi ake yi wa Falasɗinawa gori.

Tafsiri ba fagena ba ne, amma ɗan Islamiyya ya san inda Allah ya ce a Ali Imrana, game da Ma'abota Littafi, ba daidai suke ba, da inda ya ce a Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Ya kuma san Manzon Allah (SAW) ya yi wafati sulkensa na jingine a wurin Bayahude. Ki tuna masa da su a hankali, ba a gaban abokansa ba.

A aji kuma ki rubuta kalmomi huɗu a allo: Bani Isra'ila, Yahudanci, Sahayoniya, ƙasar Isra'ila. Ki sa kowane yaro ya rubuta wa kowace kalma zamaninta, ya kawo sunan mutum ɗaya da ya shiga ɗaya bai shiga ɗaya ba. Sannan ki raba musu wasiƙar Balfour, alkawarin da ke cikinta kalma 67 ne kacal a Turance, ki ce su nemo inda aka ambaci Larabawa da suna, su da suke kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar a lokacin. Ki ba su minti goma.