Ɗan'uwa mai Winchester 1873, ka dakata da wannan awon

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka jikina ya yi sanyi. Ka ce ka sayi Winchester 1873 ta asali mai cin harsashi .44-40, wani a filin harbi ya rubuta maka awon albarushi marar hayaƙi da yake ɗura wa tasa, ka harba guda biyar, liba, wato hannun da ake ja a sa sabon harsashi, ta fara tauri wajen buɗewa, kana tambaya ko ka ci gaba. Don girman Allah ka tsaya haka. Taurin nan bindigar ce take gaya maka an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Ni na ga irinta, a nan Teksas, da tsohuwar Springfield mai murfi a sama, mai cin harsashi .45-70, wadda sojan Amurka suka fara riƙewa a 1873. A wajen baje kolin bindigogi na haɗu da wani dattijo yana sayar da harsasan da ya ɗura da hannunsa, a cikin leda, babu rubutun komai a jiki. Na gaya masa irin bindigata. Sau biyu na maimaita masa. Ya dafa kafaɗata ya ce shekara talatin yana wannan aiki, kada in damu. Furfurarsa na duba na yarda.

Ranar Asabar na tafi fili da ɗana, lokacin shekararsa goma sha biyu. Tun a mota yake roƙona, Baba ni zan fara. Har na miƙa masa, sai kawai zuciyata ta ƙi, na karɓe na ce bari in gwada ɗaya tukuna. Ina jan kunama sai na ji kamar an watsa mini yashi mai zafi a fuska. Kwanson ya tsage daga gindi, murfin ya ɗago, gilashin da na sa ya yi tabo kamar an barbaɗa masa barkono. Kunnena na dama ya kwana uku yana ƙugi. Amma abin da har gobe ba ya barin raina shi ne fuskar yaron, ya tsaya sororo da hannu a baki, bai ma iya kuka ba. Gajere ne a lokacin, idonsa da ya fi nawa kusa da murfin. Uwarsa ta yi wata ba ta yi mini maganar kirki ba, kuma da gaskiyarta.

Mai gyaran bindiga ya warware sauran harsasan ya auna, ya ce wannan ɗuri ne na irin su Ruger No. 1. Littattafan ɗuri sun raba .45-70 gida uku: na tsofaffi irin tawa, na masu liba na zamani kamar Marlin 1895, sai na masu ƙarfin gaske irin Ruger ɗin. Dattijon ya san haka sarai. Na koma baje kolin gaba na same shi a teburinsa, na nuna masa kwanson, ya ko kalle ni ya ce ai bindigata ce ruɓaɓɓiya. Ko sannu bai ce ba, ko ya tambayi yaron. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna hannun nan nasa a kafaɗata raina ɓaci yake.

Taka ma haka take. Arba'in ɗin ƙarshe a sunan .44-40 awon baƙin albarushi ne, giren 40 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), danginsa ɗaya da wanda maharbanmu na gida ke ɗura wa bindigar toka. Don shi aka ƙera ta. Maƙullinta na ciki gaɓoɓi ne masu lanƙwashewa kamar gwiwa, ba su kai na Winchester 1892 ƙarfi ba, kuma wa ya sani ko ta abokin naka irin waccan ce. Ka nemi littafin ɗuri na kamfanin Lyman ka duba sashen tsofaffin bindigogi da idonka, ka fara daga mafi ƙarancin awo. Ni ba zan rubuta maka lamba a nan ba, ko ka biyo ni ta waya.

Kafin ma wannan, ka kai ta wurin mai gyara ya duba ko harbi biyar ɗin sun yi mata lahani, ya kuma auna faɗin cikin bututun, don na da ba su zo daidai da juna ba. Dalma zalla ka sa, mai faffaɗan kai. Mai tsini in ya jeru a bututun ƙasa mai riƙe harsasai, hancin na baya yana tokare da gindin na gaba, girgizar harbi za ta iya tayar da na gaban. Bakin kwanson .44-40 kuma siriri ne ƙwarai, na lalata da yawa kafin hannuna ya saba, ka bi shi a hankali amma ka matse shi sosai kada dalmar ta nutse ciki.

In baƙin albarushin ka zaɓa, kada ka bar fili tsakaninsa da dalma, kuma a ranar ka wanke bututu da ruwan ɗumi, in ya kwana tsatsa ce. Marar hayaƙi kuwa kaɗan yake cika, kwanso na iya cin awo biyu ba ka lura ba, don haka ni kowane ɗaya sai na haska shi da tocila kafin in ɗora dalma. In ina wannan aikin ko waya ba na ɗagawa.

Gilashin ido, ɗan'uwa, kai da duk wanda ke tsaye kusa da kai. Nawa na ranar yana nan a kan teburin ɗurina. Sauran harsasan da ka riga ka ɗura da awon mutumin nan, ka warware su gaba ɗaya, kada ka ajiye ko guda, don wata rana za ka manta su gauraya da wasu.