Kakana ya tashi a gidan malam, ba mu san iyayensa ba

"Lauya, an haife ni a Aboabo ta ƙasar Ghana a 1996. Kakana na wajen uba ya tashi a hannun wani malami a zangon Kumasi. An ce fataken goro suka bar shi yana yaro, har ya rasu ba wanda ya san iyayensa. Ina neman fasfo, an ce in kawo shaidar asali. Baffana ya ce mu yi takardar rantsuwa mu sa kowane suna. In bi shawararsa?"

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan kakanki. Na san tausayinki ne ya sa baffa ya faɗi haka, amma kada ki bi. Rantsuwa a kan abin da kika san ba gaskiya ba ne laifi ne a dokar Ghana. Kuma duk ranar da sunan da kuka ƙirƙira ya saɓa da wata tsohuwar takarda, har gaskiyar da ke hannunki sai a daina yarda da ita.

Ki kwantar da hankalinki tukuna, domin wataƙila ma ba ki buƙatar sunan iyayen kakan nan. Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan kundin ya fara aiki ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne. Mutum shida ke nan: uwa, uba, kakanni huɗu. Ɗaya ya ishe ki. Mutanenmu na zango mun saba ƙirga asali ta wajen uba kaɗai, alhali doka ba ta bambanta ba. Ki fara duba wajen mahaifiyarki da kakanninki mata.

In kuwa ta kan wannan kaka kaɗai hanya take, dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ce za mu duba. Wanda aka haifa a Ghana kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne idan a nan aka haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa. Kin ga abin da ake nema shi ne inda aka haife su. Fataken goro da yawa 'yan Salaga ne ko Yendi, garuruwan da Hausawa suka zauna tun kafin Turawa su kama ƙasar, kuma duk cikin Ghana suke.

Saboda haka ki fara daga gidan malamin da ya riƙe shi. Ki roƙi magada su buɗe miki gafakarsa. Malaman zamanin da sukan rubuta haihuwa, aure da rasuwa da ajami a bangon littafi ko a takardar ƙarshe ta Alƙur'ani mai warwara, kuma na ga layi biyu na tawada da suka warware abin da ya gagari dangi shekaru. Ki duba akwatin kaka ko da tsohon hoto da zai nuna tsagen fuskarsa, takardar aure, rasit ɗin fili ko littafin sallama daga soja. Gidaje da dama sun rasa takardunsu lokacin korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, don haka ɗan abin da ya saura yana da daraja. Daga nan sai fadar Sarkin Zango, sai ma'ajiyar tarihi ta Manhyia, fadar Sarkin Asante, da ofishin PRAAD na Kumasi, wato hukumar adana takardun gwamnati da na tarihi, inda ake samun tsofaffin shari'o'in gidaje da fili masu ɗauke da sunayen shaidu da garuruwansu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne tsofaffi. Dokar shaida ta 1975 ta yarda kotu ta karɓi labarin asalin dangi da aka gada baki da baki. Ki nemi dattawa biyu da suka san kakanki, ki naɗi muryarsu a waya, sannan ki kai su gaban kwamishinan rantsuwa kowa ya faɗi iya abin da ya gani ko ya ji, da wanda ya ji daga bakinsa. Inda ba su sani ba, a rubuta cewa ba su sani ba. Ki yi wannan cikin watan nan. Idan duk da haka aka ƙi ki, ki nemi a ba ki dalili a rubuce, ki kai wa lauya tare da takardun, domin Babbar Kotu na da ikon duba hukuncin.