Amsa ga 'yar'uwar da za a miƙa makarantar yaranta ga ɗan kasuwa

'Yar'uwa wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce makarantar gwamnatin da yaranki ke zuwa za a ba wani kamfani ya riƙa gudanarwa, an yi muku alkawarin ba za a karɓi kuɗi ba, kina tambaya ki sa hannu ko ki cire su. Mu ma haka aka ce mana. Zangon farko aka yi fenti aka kawo benci sai godiya muke, zango na biyu sai ga yunifom dole a wajensu za ka saya, ga kuɗin jarrabawa ga na littafi, babu wanda ake kira kuɗin makaranta amma duk daga aljihu ɗaya suke fita.

'Yata tana aji biyar, an raba takardar jarrabawa har ta rubuta sunanta, mai makarantar ya shigo ya kira ta gaban 'yan aji ya ce ta fita ana bin ta bashi. Ta dawo gida da fensirinta a hannu, ba ta yi kuka ba sai da ta gan ni. Na je na roƙe shi ya ɗaga min ƙafa mako guda, mutumin nan ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce shi ba gidan marayu ya buɗe ba. A cikin ginin da aka yi da harajin jama'a fa! Na bar shi da Allah, amma har yau ban huce ba.

Kar ki sa hannu ke kaɗai, ku haɗu ku iyaye ku ce a nuna muku yarjejeniyar a rubuce. Kuma ko kyautar ce da gaske ki tambayi yara nawa za su bari a aji, don a Laberiya a 2016 an ba kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu makarantun gwamnati 93 su gudanar, ba a biyan kuɗi, amma da wani kamfani ya ƙayyade yawan 'yan aji sai wasu yaran suka rasa gurbi. Ki tambaya kan malamai ma, mu malamar lissafinmu mai haƙuri aka ɗauke, aka kawo samari da ba sa rufa wata uku saboda ƙarancin albashi.

Idan sun ce talaka ne ba ya son karatu kar ki yarda, Kenya ta soke kuɗin firamare a 2003 yara sama da miliyan ɗaya suka cika azuzuwa. Sashe na 26 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ce firamare kyauta ce kuma dole, ba alfarma ake miki ba. Duk abin da kika biya ki karɓi rasit ki adana, ni rashin rasit ne ya sa na rasa bakin magana da na kai ƙara.

Cire su kam kar ki yi gaggawa sai kin samu inda za ki kai su. Tawa sai da ta yi zango guda a gida, kuma har yanzu in wani ya shigo ajinsu da takarda a hannu sai jikinta ya hau rawa.