Ina mutumin da ya ɓace a cikin hoto yake shiga?

Sani, ka tambaye ni game da hoton nan da malamin lekol ya kawo mu manna masa a kan katako, wanda idan aka musanya guntayensa biyu na sama sai mutanen ciki su ragu da ɗaya. Kana son sanin wane ne yake ɓacewa, kuma ina yake shiga. Amsar ita ce babu wanda ya ɓace shi kaɗai, domin bayan musanyar duk mutanen da kake gani sababbi ne, kowanne an haɗa shi da guntun wani.

Kada ka fara da hoton mutane, ka fara da layi. Ɗauki allo ka ja layuka 10 a tsaye, kowanne santimita 9, tazarar da ke tsakaninsu ta zama iri ɗaya. Sai ka sa zarto ka yanka allon a karkace, daga gindin layin farko na hagu zuwa kan layin ƙarshe na dama. Yankan zai bar layin farko gaba ɗayansa a sama, ya ci santimita 1 daga na biyu, 2 daga na uku, haka har ya kai na goma wanda zai faɗa ƙasa gaba ɗaya. Yanzu ka zame guntun ƙasa zuwa hagu, yana bin bakin yankan, da tazara ɗaya, ka ƙirga: layuka 9 za ka samu. Sa mita ka auna, za ka tarar kowanne ya zama santimita 10, domin 9 ta haɗu da 1, 8 ta haɗu da 2, har zuwa ƙarshe. Jimlar tsawon 90 ce tun farko, 90 ce kuma yanzu. Kamar mai awo ne a kasuwar Maradi ya juye gero tiya goma cikin ƙwarya tara, kowace ta ɗan ƙara tozo, ba tare da ƙwaya ɗaya ta zube ba. Ido ya iya ƙirga, amma bai iya gane ƙarin kashi ɗaya cikin tara ba.

Dabarar tsohuwa ce. Wani mai suna Sam Loyd a Amurka ya fitar da irinta a shekarar 1896, a kan faifan kwali mai juyawa a bisa ƙusa, inda mayaƙa 13 suke komawa 12. Wannan da aka kawo mana ya fi wayo, domin an yanka samansa gida biyu ana musanyawa, kuma hakan yana warwatsa jerin ta yadda mai kallo ba zai ga ƙarin yana tafiya daki-daki ba.

Idan za ka yi naka, ka fara yankawa kafin ka yi zane, saboda zarto yana cin katako, kuma ɗan abin da ya ci ya isa ya ɓata haɗuwar. Ka goge bakin yankan har guntayen su zauna babu rata. Sannan ka zana mutane sanye da dogayen riguna masu faɗi ɗaya, domin riga tana haɗiye ƙarin tsawo ba a lura. Fuska ce mai wuya: inda yanka ya ratsa ta, dole ne rabin sama ya dace da haɓa biyu dabam-dabam, shi ya sa za ka riƙa zana kowane mutum a zama ɗaya, ka musanya guntayen, ka gyara shi a zama na biyu kafin ka taɓa fenti. Ka fi kula da mutum na farko da na ƙarshe a jerin, waɗanda yanka yake shafar tsinin hular ɗaya da tafin takalmin ɗayan kawai, domin idan ka bar musu guntu babba, malamin zai ga hula tana yawo babu kai.