Kafin Ka Ɗauki Almakashi

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce ka sayi 'yar bishiyar bonsai dangin cediya, ta yi ganye cunkus, kana so ka yi mata aski amma kana tsoro, kuma kana tambaya ko Japanawa suna da wata al'ada da suke bi wajen yankan, ko kowa da yadda ya ga dama.

Al'ada akwai ta, tsohuwa ce kuwa. Asalin sana'ar daga ƙasar Sin take, inda ake kiranta penjing, Japanawa suka karɓa suka tsara ta. Ma'anar kalmar bonsai ita ce shuka a cikin faranti. Ba sai an shuka wani irin wada ba. Bishiya ce kamar kowace, yanka da ƙuncin kasko ne suke riƙe ta. Akwai wata da ake reno tun 1625, wani gida a Japan mai suna Yamaki suka gaje ta kaka da kakanni, ta tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka ba Amurka kyautarta a 1976. Wanda ya san bishiya za ta wuce shi ta kai ga jikoki ba ya yi mata yankan gaggawa.

Abin da al'adar ta fara da shi kallo ne. Ka ɗora kaskon daidai idonka, ka riƙa juya shi a hankali har ka sami gaban bishiyar, wanda suke kira shomen. Gaba shi ne ɓangaren da saiwoyi suka fi bazuwa a kan ƙasa, gangar jiki ta fito fili, kan bishiyar kuma ya ɗan rusuno wajenka kamar mai gaisuwa. Ka soka tsinke a ƙasar wajen don kada ka manta. Duk reshen da za ka yanke, daga wannan gaban za ka yi masa hukunci. In ka yi kwana uku kana kallo ba ka taɓa komai ba, ba ka yi asara ba.

Suna da rassan da suke ƙi, sunansu imi-eda. Reshe biyu da suka fito daura da juna a gaɓa ɗaya, ɗaya zai tafi. Uku ko huɗu da suka kewaye wuri guda kamar wayoyin ƙafar keke, a bar ɗaya. Wannan har da dalili na lafiya: ruwan bishiyar yana taruwa a wurin, sai ya kumbura ya fi ƙasansa kauri, kuma wannan aibin da wuya yake gyaruwa. Sai wanda ya miƙe tsaye, da wanda ya rataya ƙasa, da wanda ya gitta gangar jiki, da wanda ya nufo idon mai kallo, su ma duk za su tafi. Reshen farko, mafi kauri, yana zama wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon bishiyar, na biyu a ɗaya gefen, na uku a baya don ta yi zurfi.

Manyan rassa kada ka yanke su yanzu in ba lokacinsu ba ne. A Japan ƙarshen sanyi suke jira, dab da toho. Cediya kuwa 'yar ƙasar zafi ce, lokacinta farkon damina, sa'ad da take da ƙarfin rufe ciwo. Hunturu da tsakiyar bazara ka ƙyale ta. A zama ɗaya kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyenta, domin da ganyen take dafa abincinta. Japanawa suna da almakashi mai lanƙwasasshen baki wanda yake barin ɗan rami, ɓawo ya rufe shi sumul. In ba ka da shi, yanke da kaifin almakashi, ka bi da wuƙa ka ɗan ƙwaƙule. Dakushasshen ƙarfe murƙushe reshe yake yi, daga nan ruɓa ke shiga. Goge bakin da sifirit kafin ka fara. Farin ruwa kamar nono zai tsattsafo, wannan ɗabi'ar cediya ce, zai tsaya da kansa, sai dai kada ya shiga maka ido.

Askin yau da kullum ya fi sauƙi. Bar sabon toho ya kai ganye 6 zuwa 8, sannan ka datse shi ka bar 2 ko 3. Yanke kaɗan sama da ganye, kuma ka dubi inda ganyen ya fuskanta, don can sabon reshe zai nufa. Zaɓi mai kallon waje. Nan masu koyo suka fi yin kuskure: suna aske ko'ina daidai kamar shinge. Bishiya ƙarfinta sama take kaiwa, saboda haka ka tsananta a sama, ka sassauta a ƙasa. In ka yi akasin haka, kanta zai yi tozo, rassan ƙasa su rame su mutu.

Saiwa ma ana yi mata aski, duk shekara biyu ga ƙaramar bishiya, a rage kamar kashi ɗaya cikin uku, amma bana ka bar wannan tunda ba ta daɗe a hannunka ba. Bayan yanka ka ajiye ta a inuwa mai haske na mako biyu, ka rage ban ruwa, don ganye ya ragu, shan ruwa ma ya ragu, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ruɓar da saiwa. Taki sai ka ga sabon toho.

Wani ladabi na Japanawa da zai amfane ka: ba a taɓa bishiyar wani, ko da ganye ɗaya, sai da izininsa. Ka sanar da yaran gida wannan tun da wuri. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka.