Tambayoyinku: Bot ɗina na AI yana ɗaukar kayan aikin da ba shi ba, ina gyaran yake?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar jihar Gombe, na haɗa wa yayana da ke sayar da hatsi a Tudun Hatsi bot na AI a WhatsApp. Na ba shi kayan aiki uku, wato ƙananan shirye-shiryen kwamfuta da AI zai iya kira su yi masa aiki, na duba farashi, na duba abin da ya rage a sito, da na tura wa kwastoma hanyar biyan kuɗi. In na gwada su da hannu lafiya lau, amma in kwastoma ya ce "akwai wake?" sai ya ba shi farashi, wani lokacin ma kuɗin mudu a matsayin na buhu. Bayanin da na rubuta wa na farko shi ne "yana duba kaya", na biyu "yana duba kayan shago". Ko in canza AI ɗin ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena, kar ka canza komai tukuna, matsalar tana cikin bayanan nan biyu da ka turo. Shi AI ba ya ganin kod ɗinka ko kaɗan, abu uku kawai ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayanin da ka rubuta, sai jerin abubuwan da zai cike a tsarin JSON Schema, wato ƙa'idar da ke faɗin irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarinsa na ba AI kayan aiki a watan Yuni 2023, haka kuma yake a MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024. To ka duba, "yana duba kaya" da "yana duba kayan shago" wa zai iya bambance su? Ko sabon yaron shago ka ba wa takardar nan sai ya dawo ya tambaye ka, shi kuwa AI sau da yawa ba ya tambaya, canka kawai yake yi ya wuce.

Ga yadda zan rubuta na farashin in ni ne, a ce sunan na siton duba_sito: "Yana dawo da farashin yau na hatsi iri ɗaya, a naira. A kira shi in kwastoma ya tambayi nawa ne. Kar a kira shi don sanin ko akwai kaya, wannan aikin duba_sito ne. Dole a faɗi ma'auni, buhu ko mudu, in kwastoma bai faɗa ba a tambaye shi." Jimla huɗu ke nan, su ma Anthropic a jagorarsu sun ce a yi aƙalla uku zuwa huɗu. Ni a wurina layin "kar a kira shi" ya fi kowanne amfani, kuma shi ne mutanenmu suka fi tsallakewa. Wajen ma'aunin ma kar ka bar gurbin a buɗe, ka ƙayyade zaɓi biyu kacal, buhu ko mudu.

Na biyan kuɗin kuma dan Allah ka kula sosai, in Paystack, dandalin karɓar kuɗi ta intanet, kake amfani da shi, da kobo yake karɓar adadi, wato naira 45,000 ana tura ta ne 4500000, in bayaninka bai faɗi haka ɓaro-ɓaro ba wata rana za a caji mutum naira 450 a kan buhu guda. Gara ma ka sa AI ya ba da naira, kod ɗinka ya ninka da 100.

Sai yadda za ka san bayanin ya yi kyau, don karantawa da ido ba ya isa. Ka karɓi wayar yaya ka kwafo saƙonnin kwastomomi na gaske kamar talatin, yadda suke rubutawa da guntayen kalmominsu, ka cire sunaye da lambobi, gaban kowanne ka rubuta kayan aikin da ya kamata a kira. Ka saka waɗanda ba sa buƙatar komai irin su "ina kwana" da "a rage min mana". Ka tura su duka ka ƙirga nawa ya dace, ka gyara bayani ɗaya tak ka sake turawa, in ka gyara uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Tambaya: Malam ni daga Bauchi nake, na ga kayan aikin MCP kyauta a GitHub, shafin da masu rubuta kod ke ajiye ayyukansu, ba matsala in haɗa su da AI ɗina kai tsaye?

Amsa: Hajiya ki fara karanta bayanansu tsaf. A Afrilu 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, ke a fuskar manhaja ba za ki gani ba amma AI zai karanta ya bi, har ya kwashi fayilolinki ya tura wani wuri. In kin ga bayani yana cewa a karanta wani fayil da bai shafi aikin ba, ko "kar a faɗa wa mai amfani", ki goge kayan aikin nan take. In masu kayan aikin sun sabunta shi ma ki sake karantawa kafin ki kunna.